Ɗokin Jiran Wasa da Cinikin Biri a Sama

 A wannan mako zan ɗan jingine batun siyasa da tsadar rayuwa, in ɗauko wata magana da wasu za su ɗauka ta yara ce, alhali kuwa akwai maƙudan kuɗi da darasi mai nauyi a cikinta. Maganar ita ce ɗokin da masu wasan bidiyo suke yi idan aka yi musu albishir da ci gaban wasan da suke ƙauna, da kuma yadda kamfanoni suka gano cewa shi kansa ɗokin haja ce da ake iya sayarwa.

A watan Yunin 2025, a wajen taron baje kolin da kamfanin Sony yake yi ta intanet, aka nuna somin-taɓin wani wasa mai suna Bloodstained: The Scarlet Engagement, aka kuma ce zai fito a shekarar 2026. Shi ne zai biyo bayan Bloodstained: Ritual of the Night na 2019, kuma labarinsa zai gudana ne a Ingila ta ƙarni na 16, da jarumai biyu a maimakon ɗaya. Tun daga ranar masoyansa suke ta tsefe ɗan gajeren bidiyon, wannan ya tsayar da hoto yana nazarin takobi, wancan yana ƙoƙarin gano yadda sabon labarin zai haɗu da na baya. Amma tambayar da ta fi damun wani rukuni daga cikinsu ita ce: shin za a iya buga shi a na'urar hannu, wadda mutum zai jefa a jaka ya tafi da ita? Sanarwar farko ba ta ambaci wata na'urar Nintendo ba. Wanda bai san tarihin ba zai yi mamakin yadda wannan ƙaramar tambaya take tayar da jijiyar wuya. Saboda haka bari mu koma baya kaɗan.

Waɗannan wasanni suna cikin salon da Turawa suke kira Gotik. Asalin kalmar sunan wani tsarin gini ne na Turai, mai dogayen hasumiyoyi da tagogi masu tsini, irin na majami'ar Notre Dame da ke Paris. Daga baya sunan ya koma kan wani nau'in adabin ban tsoro, wanda masana suke ƙirga farkonsa daga littafin The Castle of Otranto na Horace Walpole a 1764, ya bi ta kan Frankenstein na Mary Shelley a 1818, ya kai ƙololuwa da Dracula na Bram Stoker a 1897. Kayan aikin wannan adabi sanannu ne: tsohuwar fada da ta zama kufai, dare da farin wata, zuriyar da wani tsohon zunubi yake bibiya, da matattun da suka ƙi kwanciya. A 1986 kamfanin Konami na ƙasar Japan ya kwashi waɗannan kaya ya zuba su cikin wasan da duniya ta sani da Castlevania, inda wani jarumi daga zuriyar Belmont yake kutsawa fadar Dracula da bulala a hannu.

A 1997 wasan ya sauya kama da fitowar Symphony of the Night. A da, mai wasa yana bin hanya ɗaya ne daga mataki zuwa mataki. Yanzu sai aka ba shi katafariyar fada guda da taswira, yana yawo, yana tarar da ƙofar da ba zai iya buɗewa ba ko tsaunin da ba zai iya hawa ba, sai ya samo wata baiwa a can wani lungu sannan ya dawo. Cikin waɗanda suka yi wannan aiki akwai Koji Igarashi, wanda daga baya ragamar jerin wasannin ta koma hannunsa, da mai zane Ayami Kojima, da mai tsara kiɗa Michiru Yamane. Abin lura shi ne, wannan salo bai sami gidan zama a manyan na'urorin da ake jonawa da talabijin ba. A aljihu ya zauna. Tsakanin 2001 da 2008 an fitar da wasanni shida masu wannan tsari a na'urorin hannu na Nintendo: Circle of the Moon, da Harmony of Dissonance, da Aria of Sorrow a kan Game Boy Advance, sannan Dawn of Sorrow, da Portrait of Ruin, da Order of Ecclesia a kan DS. Dalilin dacewar a fili yake. Wasa ne da za ka buga na minti goma sha biyar a cikin mota ko a layin jira, ka buɗe ɗakuna biyu ko uku a taswira, ka adana, ka rufe, gobe ka ɗora. Masu na'urar hannu su ne suka riƙe wannan salo da kuɗinsu a tsawon waɗannan shekaru.

A wancan zamani ma ana ɗoki. Aria of Sorrow na 2003 ya zo da labarin wani ɗalibi mai suna Soma Cruz a shekarar 2035, wanda yake iya mallakar ƙarfin dodannin da ya kashe, kuma ya samu karɓuwa ƙwarai. Da aka ce ci gabansa, Dawn of Sorrow, yana tafe a sabuwar na'urar DS mai fuska biyu, masoya sun yi ta muhawara. Wasu sun ji haushin ajiye zanen Kojima da aka yi aka koma salon katun na Japan don jan hankalin yara, wasu kuma sun yi ƙorafin cewa sai mutum ya zana wani hatimi a fuskar na'urar kafin babban dodo ya mutu. Sai dai jiran na watanni ne kawai. An sanar da wasan, ya kuma fito, duk a cikin 2005. Babu wanda ya biya sisi shekaru kafin ya gani. Mujallu sun gwada sun yi sharhi, mai so ya je kanti ya saya, kuma abin da ke cikin kwalin shi ne wasan gaba ɗaya, domin babu hanyar aiko da gyara daga baya. Wannan ya tilasta wa kamfani ya kammala aikinsa kafin ya miƙa hannu karɓar kuɗi.

Bayan 2008 sai rijiyar ta ƙafe. Konami ya mayar da hankali wani wajen, Igarashi kuma ya bar kamfanin a 2014. A watan Mayun 2015 ya fito a dandalin Kickstarter, inda jama'a suke yin karo-karo don a ƙirƙiri abin da suke so, ya nemi dala dubu 500 domin ya yi sabon wasa irin na da. Shi da kansa ya bayyana cewa masu zuba jari sun yarda su ba da mafi yawan kuɗin aikin, da sharaɗin ya nuna musu cewa akwai masu so. Mutum fiye da dubu 64 suka amsa kira, suka tara sama da dala miliyan biyar da rabi. A nan ne ɗoki ya tashi daga abin da ke cikin zuciya ya zama takardar shaida da ake kai wa masu jari. Cikin alkawuran da aka yi yayin da kuɗi suke ta shigowa har da cewa wasan zai fito a Wii U da kuma PlayStation Vita, na'urar hannu ta Sony. An sa watan Maris na 2017 a matsayin lokacin fitowa.

Ga yadda ta kaya. A 2017 aka soke na Wii U, aka ce za a mayar da shi Switch. A watan Agustan 2018 aka soke na Vita, saboda Sony yana shirin daina ƙera na'urar. Wasan bai fito ba sai Yunin 2019, fiye da shekara biyu bayan lokacin da aka ɗiba. A kwamfuta da manyan na'urori ya yi kyau, masu sharhi sun yaba, ya kuma sayar da kwafi miliyan ɗaya cikin shekara guda. Amma na Switch, wanda ya makara da mako ɗaya, ya zo da hoto dishi-dishi, ga jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin jaruma, ga daɗewa kafin sabon ɗaki ya buɗe. A wasan da rayuwa da mutuwa suke rataye a kan tsalle ɗaya cikin ƙiftawar ido, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Sai da aka shafe watanni ana aiko da gyare-gyare. Wato mutanen da suka raini wannan salo a tafin hannunsu su ne suka tashi da ƙashin baya a rabon. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin tambayar da suke yi yau ba.

Kada mai karatu ya ɗauka tsautsayi ne da ya faɗa wa wasa ɗaya. A 2013 Keiji Inafune, wanda sunansa ya shahara da Mega Man, ya tara kusan dala miliyan huɗu don yin Mighty No. 9, tare da alkawarin fitar da shi a Vita da 3DS. Wasan ya fito a 2016 bayan ɗage-ɗage, bai gamsar ba, na na'urorin hannun kuwa har yau ba a gan su ba. Akwai dalili a tsarin aikin kansa. Ana gina wasa ne a kan kwamfuta mai ƙarfi, sai an kusa gamawa sannan a fara matse shi don ya shiga ƙaramar na'ura mai ƙaramin batir, kuma sau da yawa wani kamfani dabam ake ba wa kwangilar matsewar. Idan kuɗi ko lokaci ya ƙare, wannan ɓangare ne ake fara yankewa. Sannan aikin wasa yakan ci shekara huɗu ko biyar, alhali kasuwar na'ura tana iya mutuwa kafin nan. Wanda ya biya kuɗi a 2015 don Vita ya sayi wasan da babu shi, domin na'urar da kwananta ya kusa ƙarewa. Bahaushe ya daɗe da raɗa wa irin wannan suna: cinikin biri a sama.

Ba ina cewa ɗoki laifi ne ba. Jira yana da nasa daɗin, kuma duk mai ba da labari ya san haka. A Magana Jari Ce, da labari bayan labari aku ya riƙe ɗan sarki ya hana shi fita. Waɗanda suka tashi da littattafan kasuwar Kano sun san yadda marubuciya take tsayar da littafi na ɗaya a daidai inda numfashi ya tsaya, a yi ta sintiri wajen mai sayarwa ana tambayar na biyu. Masu kallon Labarina sun san zaman jiran sabon zango da muhawarar da ake yi a majalisa kafin ya zo. A cikin jira ne masoya suke sanin juna, suke hasashe, suke komawa su sake bin na baya da sabon ido. Sai dai mai sayen littafi na ɗaya ya biya kuɗin abin da ke hannunsa ne, ɗokin na biyu kuma kyauta ne. Matsala tana farawa daga ranar da aka sa wa ɗokin farashi. Mu ma abin ya iso mu, domin yanzu akwai masu karatun da suke biyan kuɗin shiga zauren WhatsApp don littafin da ba a gama rubutawa ba, kuma wanda marubucinsa ya tsaya a tsakiya ya san zafin abin.

Akwai misalin da ya nuna cewa tsawon jira dabam, cin amana dabam. Team Cherry, wani ɗan ƙaramin kamfani a birnin Adelaide na Ostireliya wanda ainihin ma'aikatansa uku ne, ya fitar da Hollow Knight a 2017, wasa mai duhu da kufai wanda ya ɗebo da yawa daga tsarin Castlevania, ya kuma samu gagarumar kasuwa bayan ya shiga Switch a 2018. A watan Fabrairun 2019 suka sanar da ci gabansa, Silksong. Daga nan sai shiru mai tsawo. An sa rai zai fito a farkon rabin 2023, aka ɗage. Masoya suka mayar da jiran abin barkwanci, suna cika kowane taron baje koli da tambayar ina yake, wasu suna ƙirƙirar labaran ƙarya don tsokanar 'yan'uwansu. Sai ranar 4 ga Satumban 2025, bayan shekara shida da rabi, wasan ya fito. A duk tsawon wannan lokaci kamfanin bai buɗe ƙofar biyan kuɗi kafin fitowa ba. Ya sa farashin dala 20, ƙasa da sulusin abin da manyan kamfanoni suke karɓa, ya kuma ba waɗanda suka yi karo-karon wasan farko tun 2014 nasu kyauta, saboda tun asali alkawari ne a kansa. Ranar fitowar, cunkoson masu saye ya durƙusar da kantunan intanet irin su Steam na ɗan lokaci, kuma mutum fiye da dubu 500 suka riƙa buga shi a lokaci guda a wannan dandali kaɗai. Masoya sun sha jira har sun gaji, amma babu wanda zai ce an riƙe masa kuɗi.

Adalci ya sa a faɗi cewa Igarashi bai gudu da kuɗin kowa ba. An ba waɗanda aka soke wa na'ura zaɓin sauyawa ko karɓar kuɗinsu, kuma ba don karo-karon ba da wataƙila wasan bai samu ba sam. Abin da nake so a bambance shi ne gudummawa da ciniki. Wanda ya ba ƙaramin mai fasaha kuɗi don ya gwada sa'arsa ya yi abin kirki, amma ya ɗauka a ransa cewa kyauta ya yi, in ta dawo da riba to madalla. Su kansu masu Kickstarter sun fito tun 2012 sun ce dandalinsu ba kanti ba ne. Wanda kuwa ya biya hamshaƙin kamfani kuɗin wasan da za a sauke ta intanet watanni kafin ya fito, ban ga hujjarsa ba. A zamanin kwali ana biyan kafin-alƙalami don kada kaya su ƙare a kanti. Kwafin intanet ba ya ƙarewa. Abin da mai biya da wuri ya yi kawai shi ne ya sauke wa kamfani nauyin gamsar da shi. Mutum miliyan takwas ne suka biya kuɗin Cyberpunk 2077 kafin ya fito a Disambar 2020, ya kuma zo da matsalolin da suka sa Sony ya cire shi daga kantinsa ya mayar wa mutane kuɗinsu.

Darasin ya fi muhimmanci a yanzu, domin akwai wani ɗokin da ya fi wannan tsada. A watan Afrilun 2025 kamfanin FromSoftware ya nuna The Duskbloods, wasa mai mashaya jini da hasumiyoyi da farin wata, wanda aka ce a Switch 2 kaɗai zai fito a 2026. Da yawa da suka ga somin-taɓin sun ɗauka magajin Bloodborne ne na 2015, wanda suka shekara goma suna roƙon a ci gaba da shi. Bayan kwana biyu sai bayanin daraktansa, Hidetaka Miyazaki, ya nuna cewa wasa ne na taron mutane har takwas da suke fafatawa ta intanet. Hoton ya yi kama da abin da suke so, amma wasan wani abu ne dabam. Ita kuwa na'urar, a kan dala 450 aka fitar da ita a Amurka a 2025. A canjin lokacin wannan ya haura naira dubu 600 kafin a sa kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira dubu 70. Na'urar hannu tana da farin jini a wajen matasanmu saboda dalili mai ƙarfi, wato batirinta ba ya jiran a kawo wuta. Amma matashin da ya tara wannan kuɗi saboda bidiyon minti uku, sannan ya tarar wasan yana buƙatar intanet mai ƙarfi da ba ya yankewa, wa zai kai wa ƙara? Wanda ya saya ta hannun wani ko da katin kyauta na wata ƙasa, hanyar dawo masa da kuɗinsa ta fi ta Ba'amurke tsawo nesa ba kusa ba.

Shawarata ga ƙannenmu da ɗalibanmu masu wannan sha'awa, da iyayen da ake matsa wa lamba su saya, ita ce a raba zuciya da aljihu. A yi ɗoki, a yi hasashe, a yi muhawara, duk wannan halas ne kuma ba ya cin ko kwabo. Amma kafin kuɗi su fita a tabbatar wasan ya fito, a kuma tabbatar an ga yadda yake gudana a kan ainihin na'urar da ke hannu, domin bidiyon talla kusan kullum daga na'ura mafi ƙarfi ake ɗaukarsa. A saurari waɗanda suka saya da kuɗinsu suka buga na mako guda. Kada a sayi na'ura saboda wasa ɗaya da bai fito ba. Wanda kuma ƙishin ya dame shi, ai tsofaffin suna nan: Konami ya tattara na Game Boy Advance a 2021, ya tattara na DS a 2024, ana samun su a Switch da kwamfuta a farashi mai sauƙi, kuma an riga an san ingancinsu.

Ina fata The Scarlet Engagement ya yi kyau, ina kuma fata masu na'urar hannu su samu rabonsu cikakke a wannan karo, domin sun cancanta. Igarashi ya nuna ya iya aikinsa tun 1997, kuma wannan dalili ne na kyautata zato. Amma kyautata zato ba rasit ba ne. Kamfani yana jin maganar mai saye ne muddin kuɗin suna aljihun mai sayen, da zarar sun fita kuwa sai dai roƙo da jiran gyara. Gani ya kori ji. A bari birin ya sauko ƙasa, a duba lafiyarsa, sannan a yi ciniki.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.